Kafin a Kashe Tanderu

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Duk inda na juya yau muryata ce. A tasi, a shagon mai gyaran waya, har a rediyon maigadin ofis. "Za a kashe tanderu, amma ba ma'aikacin da zai koma gida hannu rabbana." Ni na rubuta, ni na karanta, kuma ko ba wanda ya yabe ni zan yabi kaina, maganar ta zauna daram. Direban ya ƙaro murya ya ce wannan matar akwai iya zance. Na juya ina kallon titi kamar ban taɓa saninta ba.

Shekaru ina kakakin ƙungiyarmu ta kare muhalli, takalmana sun ƙare a bin 'yan jarida da 'yan majalisa, yau ga ƙudirinmu a gaban majalisa: a rufe tsohuwar tashar lantarki mai ƙona kwal, a kafa gonakin sola a madadinta. Farkon watan gobe za a kaɗa ƙuri'a. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ƙungiyar ma'aikatan tashar tana bayanmu, saboda sashen ma'aikata da ke cikin ƙudirin, wanda ya ce duk wanda aka rufe wa aiki za a koya masa aikin sola a ɗauke shi. Ni na yi ta safa da marwa har suka yarda. To, ni da Yaya. Shi ne shugaban masu aikin safe a gindin tanderu, kuma da bai sa baki ba, ko kallo ban ishe su ba.

Ya turo saƙo ɗazu: "Rediyo, kin hana mu sakat." Tun ina ƙarama yake kirana haka, wai ni ba ni da wajen kashewa.

Talata, 5 ga wata, bayan azahar

Na tara sababbin ma'aikatanmu na koya musu shan kwana. Idan ɗan jarida ya jefo maka tambayar da ba ka so, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka amsa. Ka yabi tambayar, ka ce abin da ya kamata mu duba shi ne kaza, sai ka sha kwana ka koma kan maganar da ta kawo ka. Wata mai tabarau ta ɗaga hannu ta ce shin wannan ba yaudara ba ce? Na ce ta yi tambaya mai muhimmanci, amma abin da ya kamata mu duba shi ne iskar da 'ya'yanmu ke shaƙa. Wallahi sai da suka rubuta a takardunsu sannan suka farga, ɗakin ya ɓarke da dariya.

Gobe ni da Oga, shugaban ƙungiyarmu, za mu ga shugaban kwamitin majalisa. An ce kada mu zo da kowa.

Laraba, 6 ga wata, da yamma

Mun je, mun dawo. Oga ya ce abin da aka faɗa a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin har bayan ƙuri'a. Ba zan rubuta ba. Kaina ke sarawa.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

Na shiga wurin Oga na ce a janye tallar rediyo. Ya ce in an janye sai kowa ya tambayi dalili. Ya ce ai sashen yana nan a takardar da aka buga, sai ranar ƙuri'a za a cire shi, saboda haka har zuwa ranar abin da rediyo ke faɗa gaskiya ne.

To ga shi na rubuta, ni da na ce ba zan rubuta ba.

Wasu 'yan majalisa ne suka ce sashen ya yi tsada, in ba a cire shi ba ba za su ɗaga hannu ba, kuma in ba su ba ƙudiri. Idan ma'aikata suka ji kafin ranar za su janye, nan ma ba ƙudiri. Oga ba mugu ba ne. Idonsa ya yi ja, rigar jiya ce a jikinsa. Ya ce daga baya za mu yi yaƙi mu dawo da sashen ta wata doka. Na san irin wannan daga bayan, ni nake rubuta wa mutane ita.

Ba ƙarya nake yi ba. Har yanzu yana nan a takarda.

Lahadi, 10 ga wata, bayan la'asar

Na je gidan Yaya. Unguwar tana nan yadda muka tashi a cikinta, bututun hayaƙi a kanta, baƙin gari a kan kowace taga. Anti, matar Yaya, a falo take shanya fararen kaya, sai ka sunkuya ƙarƙashin rigunan makarantar yara kafin ka samu kujera.

Ashe da labari. Tsohon ubangidan Yaya ya kira shi, wani kamfanin siminti can nesa yana neman wanda ya san tanderu. Aiki tsayayye, har da gida. Suna son amsa ranar Juma'ar ƙarshen wata, in bai so ba su ba wani. Anti tun a ƙofa ta fara yi mini kamfe, ta ce ita ko yau aka ce a tashi ta shirya. Yaya yana ta juya shayi. Ba ya son barin mutanensa, ga shi an yi musu alkawarin aikin sola a nan gida, me zai kai shi uwa duniya da furfura?

Da Anti ta shiga kicin sai ya ajiye cokalin.

"Rediyo, ke da kike ciki. Sashen nan namu ba abin da zai taɓa shi, ko?"

"Yaya, ai dole ka yi wannan tambayar," na ce. "Amma abin da ya kamata mu duba shi ne, karon farko ke nan da aka zauna da ma'aikata a teburi ɗaya."

Ban shirya ba. Bakina ne ya yi aikinsa tun kafin in sa shi. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne kam, ya ƙara mini madara. Na sha kwana da Yayana, mutumin da ya goya ni a keke ya kai ni makaranta, kuma ko tuntuɓe ban yi ba.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Ba ƙarya na yi masa ba.

Laraba, 13 ga wata, da yamma

Muhawara a talabijin da kakakin masu kwal. Mutumin ya zo da jadawali da murmushi, ya ce hayaƙin nan bai taɓa kashe kowa ba. Ban san lokacin da na ajiye takarduna ba. Na ba su labarin Umma, yadda take kwana a zaune da filo a baya saboda in ta kwanta numfashi ba ya fita, yadda muka san ta farka ta hanyar tarinta, da yadda gidan ya yi tsit bayan ta rasu har muka kasa barci.

Wannan kam ba kwana a ciki. Ina son a kashe tanderun nan har cikin raina, kuma in ƙudirin ya faɗi yanzu, Allah kaɗai ya san shekarar da zai sake tashi. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana in ɗauka don albashi na yi shiru.

Da na koma ofis suka tashi suna tafi. Na shige banɗaki na daɗe ina wanke hannu.

Juma'a, 15 ga wata, da rana

Yaya ya kira. Na bar wayar tana ringi.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Anti ta zo gidana ba sanarwa, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce Yaya ya karkata ga ƙin aikin simintin, wai ƙanwarsa ba za ta ga rami ta bar shi ya faɗa ba. Ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba amma ta san fuska, kuma ranar Lahadi ban gama shayina ba, ni da nake lashe kofi. In da wata magana in faɗa mata, mace da mace, ba za ta ce daga ni ta ji ba.

Na ce na fahimci damuwarta ƙwarai. Na fara zancen yaranta da irin iskar da za su shaƙa nan gaba.

"Ban tambaye ki iska ba," ta ce.

Na kawo mata lemo, ba ta taɓa ba. Da za ta fita ta tsaya tana kallon takardun yabo da na jera a bango, ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini zafi irin wannan ba.

Talata, 19 ga wata, bayan azahar

Na roƙi Oga ya bar ni in faɗa wa mutum ɗaya. Mutum ɗaya tak. Ya ce mutum ɗaya yana da mata, yana da aboki, yana da waɗanda yake zama da su a kantin cin abincin tashar. Ya tuna mini unguwarmu, ya tuna mini Umma, abin da na faɗa da bakina a talabijin. Ya ce in ɗora yayana a hannu ɗaya, yaran unguwar nan duka a ɗaya hannun, in gaya masa wanne ya fi nauyi.

Na ce masa shi ba shi da ɗan'uwa a gindin tanderu, shi ya sa lissafin ya zo masa da sauƙi. Ya ce haka ne. Da ma ya yi musu, da na samu wanda zan yi faɗa da shi. Na buga ƙofa na fito, abin da ban taɓa yi ba, har mai tabarau ta zubar da shayinta.

Abin haushin shi ne ban isa in ce bai da gaskiya ba.

Alhamis, 21 ga wata, da yamma

Mun je ƙofar tashar ɗaukar hotunan kamfe, lokacin da masu aikin safe ke tashi. Ni na tsara wannan tun watan jiya, ba yadda zan zille. Suka fito da hulunan kwano a hannu, wuya duk baƙi, suna ture juna kowa na son shiga gaba. Yaya ya ƙi shiga hoto, ya ce fuska ɗaya daga gidanmu ta ishi duniya.

Mai Walda ya kama ni. Abokin Yaya ne tun suna samari, shi ne ya taɓa ƙera mini akwatin ƙarfe da zan tafi makarantar kwana, har yau ƙanwarmu yake ce mini. Ya ce surukinsa ya so su haɗa hannu su buɗe shago a wani gari, ya ce masa a'a, shi sola zai koya. Har ya fara kallon yadda ake haɗa faifan sola a wayar 'yarsa, wai abin ba wuya, duk ƙarfe ne da waya. Sai ya rage murya ya tambaye ni ko za a koya wa masu shekaru irinsa, ko sai matasa.

Na ce tambaya ce mai kyau.

Sauran ba sai na rubuta ba. Ya tafi yana murna, har ya juyo ya ɗaga mini hular.

Asabar, 23 ga wata, da rana

Ban fita ba. Na kashe rediyo, amma maƙwabciyata ba ta kashe nata ba, bangon kuwa ba kauri.

Litinin, 25 ga wata, da yamma

Oga ya sa na rubuta sanarwar da za mu fitar ranar nasara. Na rubuta. Ba inda aka ambaci sashen, kuma ba wanda zai karanta ya ji an tsallake wani abu. Ya karanta ya ce kada a taɓa ko waƙafi. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, na iya aikina.

Ba ƙarya a cikinta ko ɗaya. Na duba.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Jibi ne Yaya zai ba masu siminti amsa. In ya ce musu a'a saboda ni, da wane ido zan kalli Anti?

Alhamis, 28 ga wata, bayan magariba

Yanzu na dawo. Gara in rubuta tun da zafinsa.

Na same shi a tsakar gida ya kwance babur yana wanke sarƙa a tsohon kwano. Ban zauna ba, don na san in na zauna bakina zai samu hanyar zillewa. Na ce Yaya, za a cire sashen ma'aikata ranar ƙuri'a, an gama magana, ba koyarwa, ba ɗauka. Na ce ya kira mutanen siminti ya karɓa, kuma don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu.

Ya ci gaba da goga sarƙar har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya tambaye ni ko ranar Lahadin nan da ya yi mini tambaya na riga na sani. Na ce na sani. Bai ɗago ba.

Ya ce in leƙa falo. Na leƙa. Babu shanya, kwalaye ne a jere an ɗaure da igiya, an sauke labule, an naɗe katifar yara. Ashe tun Litinin ya yanke shawarar tafiya. Ba don ya yi zargin komai ba, shi dai ya ga Anti ta rame, ga ƙirjinsa ya fara yi masa irin na Umma da asuba. Ya ce a ransa mutanensa suna da alkawari a hannu, ba sa bukatarsa, bari ya je ya huta wa matarsa. Kiran da ya yi mini ranar Juma'a ma shawara yake nema, ban ɗauka ba.

"Da kin bar ni," ya ce, "gobe da safe zan kira su in ce ina zuwa."

Na ce to alhamdu lillahi, ai shi ke nan, ya kira. Har wani sanyi na ji, wautata.

"Jiya in na tafi, mai neman abinci ne ya tafi," ya ce. "Yau kuma na san abin da zan bar su a ciki. Ni na ce su yarda da ke, Rediyo. Ɗaya bayan ɗaya na bi su."

Na roƙe shi. Na yi kuka, na yi masifa, na ce don ya tsira na faɗa masa, ba don ya ƙone tare da su ba. Na ce ya tuna yara, ya tuna ƙirjinsa. Na ce in ya faɗa musu ƙudirin zai iya mutuwa, hayaƙin nan ya ci gaba da sauka a kan 'ya'yansa. Duk dabarar da na sani na zube ta a gabansa, ya saurara har na gama, ya ce duk gaskiya na faɗa, amma shi gobe zai gaya musu a kanti lokacin canjin aiki. Ba zai ce daga ni ya ji ba.

Anti tana tsaye a ƙofar falo da igiya a hannu, ban san tun yaushe ba. Na jira ta zage ni. Ta dai kalli kwalayen, ta kalli mijinta, ta koma ciki.

Da na yi shiru da ya tsira. Da na faɗa tun ranar Lahadin nan, da aƙalla Anti ba ta ɗaure kaya ba. Na rasa ta inda zan kama abin.

Juma'a, 29 ga wata, da sassafe

Na riga kowa zuwa ofis, na jira Oga na faɗa masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce mai yiwuwa na kashe aikin shekarunmu. Na ce mai yiwuwa. Bai kore ni ba, ban kuma ajiye aiki ba, mu biyun ba mu da ƙarfin wannan yau. Na ce a cire muryata daga rediyo kafin azahar, in ba haka ba ni zan kira su da kaina. Ya ɗauki waya.

Juma'a, da yamma

Ba wanda ya gayyace ni, amma na je. Maigadin tashar ya san ni, ya buɗe mini yana cewa ga 'yar rediyo.

Kantin ya cika, masu tashi da masu shiga, ƙarar cokula da warin gumi. Na tsaya a bakin ƙofa bayan wani dogo. Yaya ya buga kwano a teburi ya miƙe. Bai iya jawabi ba, bai taɓa iyawa ba. Ya fara daga tsakiya, ya koma farko, ya maimaita kansa, sau nawa ina jin kamar in karɓe in gyara masa. Amma ya faɗa duka.

Ba su yarda ba. Wani ya ce masu kwal ne suka saye shi, wani ya ce ai da safen nan ma ya ji a rediyo. Hayaniya ta tashi, ana nuna shi da yatsa, shi kuwa yana tsaye ya ƙi faɗin inda ya ji. Mai Walda ya miƙe yana cewa a yi hankali, ai ƙanwarsa da bakinta ta ce, sai idonsa ya faɗo kaina. Ɗakin ya bi idonsa.

"Ƙanwarmu, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne," na ce. "Kuma ranar da ka tambaye ni a ƙofa na sani."

Ya zauna a hankali, ya ɗora hularsa a gwiwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cikin shirun nan wayar Yaya ta yi ƙara a kan teburi. Na san ko wane ne, yau ce ranar. Na kalle shi, na girgiza masa kai, ina roƙonsa da ido a gaban mutane ba kunya. Ya goge hannu a wando ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai. A ba wani."

Ya kife wayar. Ya ce wa mutanensa kowa ya zauna, akwai sauran kwanaki kafin ƙuri'a, kuma majalisa ba a sama take ba, da ƙafa ake zuwa. Suka fara jan kujeru, ba wanda ya kalle ni. Ina shirin juyawa in fita sai Yaya ya sa ƙafa ya turo wata kujera wajena.

"Zauna," ya ce. "Ke kika san ƙofofin majalisar."

Na zauna.